Haruna Bai Taɓa Zama A Agodi Ba

In ka ji muryoyin dattawa sun tashi a bakin shagon canji a unguwar Sabo ta Badun, wato Ibadan, bayan la'asar, kada ka ɗauka kullum farashin dala ne ya haɗa su. Ranar da na zauna a bencinsu, gardamar a kan biri ce. Wani Alhaji mai sayar da goro ya rantse da idonsa ya ga Haruna a lambun Agodi yana watsa wa mutane ruwa. Abokinsa ya ce masa, "Alhaji, tsufa ne ya fara taɓa ka. Haruna a jami'a ya rayu, a jami'a ya mutu." Aka yi ta ja-in-ja har mai shayi ya sa baki.

Na biyun ne da gaskiya. Haruna goggon biri ne da aka kawo gidan namun dajin Jami'ar Ibadan yana jariri a 1964, shi da wata mace da ake kira Imade, zamanin da wani Bature mai suna Bob Golding yake kula da wurin. Ya shekara talatin da ɗoriya yana tara jama'a kafin ya mutu a 1995. Mu 'yan Sabo namu muke ɗaukarsa saboda sunansa, kuma duk yaron da aka raɗa wa Haruna a unguwar ya sha tsokana har ya gode Allah. Amma ban ga laifin Alhajin goro ba. Wanda ya yi ƙuruciya a Sabo kafin 1980, wuraren nan biyu sun narke masa a ka sun zama wuri guda: inda ake zuwa da sabon kaya ranar yawon Sallah, a ga abin da babu shi a gida, a dawo da ƙafafu futu-futu.

Sai mutum ya san yadda aka gina Sabo kafin ya gane abin da lambun nan yake nufi a wurinmu. A 1916 aka ware wa Hausawa unguwar, bayan sun daɗe suna zaune cikin gari a gidajen Yarbawa. Abu biyu ne suka riƙe ta: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau. Kowane babban maigida yana da baƙinsa, fatake da za su sauka a wurinsa su kwana, su ci, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu a kan bashi. Arzikin maigida yawan ɗakunansa ne. Saboda haka duk taku biyar na ƙasa da ya rage a gida, ɗaki ake dasawa a kai. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya ƙidaya mutum dubu huɗu da 'yan kai, ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari na masu gida da baƙinsu. Tun daga lokacin mutane sun ninka sau nawa, filin kuwa yana nan yadda yake.

An yi Sabo don fatake, ba wanda ya yi lissafin yara. Tsakar gidanmu, in an shanya wanki an ɗora tukunyar tuwon baƙi, ko langa ba za a yi a ciki ba. Ƙwallo a lungu muke bugawa, tsakanin kwata da teburin mai tsire, in ta faɗa kwatar ƙaraminmu ne zai shiga. Abin haushin kuma, fili na kewaye da mu. Ga filin sukuwa a gefenmu, inda daga baya aka gina filin wasa na Lekan Salami a Adamasingba, aka buɗe shi a 1988. Ga kulob ɗin da Turawa suka kafa tun farkon zuwansu, mai ciyawa kore shar kamar an shimfiɗa darduma, wanda iyakarmu da shi leƙe ta waya. Muna ganin manya da gajeren wando fari suna bin ƙwallo ƙarama da faifai, muna mamakin abin da ya sa mutum mai furfura zai yi wa kansa haka.

To, Agodi shi ne filin da ba a kore mu ba.

Gwamnatin tsohuwar Jihar Yamma ce ta buɗe shi a 1967, lambun itatuwa haɗe da gidan namun daji, a gindin dutsen Mokola, kusa da Sakatariya. Fili ne da ya kai eka 150. A saman dutsen otal ɗin Premier yana tsaye yana kallon gari, a ƙasa kuma kogin Ogunpa ya ratsa ta wurin, an tare shi ya zama tafki. Daga Sabo ba a buƙatar mota. A ratsa shataletalen Mokola, a miƙe titin Sarauniya, kusa da asibitin UCH a karya a kama hanyar Sakatariya. Babba zai yi tafiyar cikin minti arba'in. Mu sai mu ci awa biyu, don akwai goyo, akwai mai sabon takalmin da ya matse shi har ya cire ya rataya a wuya, akwai kuma tsayawa lissafi.

Lissafin nan shi ne rabin daɗin. Washegarin Sallah kowa ya gama zagaye gidajen kawunnai da gwaggwanni, aljihu ya yi nauyi da sisi da sule. Sai a zauna a bakin titi a zube su a kan hular wani. Yayarmu ce ma'aji, don ita ce mai shekara goma sha uku, kuma ita Inna ta damƙa wa amanarmu tare da gargaɗin cewa in ɗaya ya ɓata kada ta dawo gidan. Za ta ware kuɗin shiga ta ƙulle a bakin zane. Abin da ya saura shi ne na mai keken Fan Ice, wanda ake jin ƙahonsa tun daga nesa, da na gugguru da gyaɗa a ƙunshin takarda, da masara gasasshiya in lokacinta ne. Wanda babansa ya yi cinikin shanu mai kyau a shekarar, har hoto zai ɗauka a jikin bishiya, hannu ɗaya a ƙugu.

Abin da ya fara dukan mutum in ya shiga sanyi ne. Badun gari ne na kwano, jan kwano mai tsatsa iya ganinka, rana ta doke shi ya mayar maka da zafin. Kana wuce ƙofar lambun sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ƙeya. Itatuwa ne dogaye waɗanda ba mu san sunansu da Hausa ba, don ba irin na ƙasar iyayenmu ba ne, an maƙala wa wasu ƙananan alluna da rubutun da ko ɗan aji shida ba ya iya karantawa. Ƙasa a jiƙe, ganye ya ruɓe yana wani ƙamshi. Mu da aka haifa a Kurmi, ake ce mana 'yan Kurmi in mun je ganin dangi a Kano, a nan ne kaɗai muka taɓa ganin abin da ya yi kama da kurmin.

Birai suka fi cin kuɗinmu. Akwai wani da na riƙe har yau, ƙarami mai farin gashi a ƙirji, wanda yake miƙo hannu ta waya tafinsa a buɗe, kamar almajiri a ƙofar gida. In ka ba shi gyaɗa sai ya ɓare ta da farce, ya hure ɓawon, ya ci, yana kallonka cikin ido ba ko ƙiftawa. Ƙanena ya miƙa masa sisinsa don ya ga abin da zai yi. Birin ya karɓa, ya juya shi, ya ɗan ciza, ya jefa a baki ya ajiye a kumatu, ya sake miƙo hannu. Kukan da yaron nan ya yi har Mokola ana jin sa. Shekara arba'in da biyar ke nan, yanzu shi ma yana zaune a shagon canji, kuma har gobe in ya ƙi rage wa wani a gidanmu ko kwabo sai a ce tun da biri ya cuce shi ya daina yarda da kowa.

Akwai wani abu kuma da sai da na girma na lura da shi. A bakin wayar nan ba Bahaushe ba Bayarabe. A cikin gari kowa da unguwarsa, da masallacinsa ma, don tun farkon shekarun 1950 Hausawan Sabo suka ware Juma'arsu bayan Tijjaniyya ta kafu a unguwar. Yaron Sabo zai iya kai shekara goma bai taɓa shiga Beere ko Oja'ba ba. Amma a Agodi kafaɗarka tana gugar ta ɗan Oke-Ado da ɗan malamin jami'a daga Bodija, duk kuna ihu wa biri ɗaya. Yarabancin da na fara iyawa a can na tsince shi, kuma kalmomin farko ba na faɗa a gaban manya ba ne.

Ƙaramar Sallar 1980 ta faɗo kafin tsakiyar Agusta. Mun je kamar kullum, an yi yayyafi, mun fake a gindin bishiya. Ba a cika mako uku ba, ranar Lahadi 31 ga Agusta, sama ta buɗe. An auna ruwan da ya zuba a ranar ya kai milimita 274. Ogunpa, wanda da rani yaro yake tsallake shi, ya tashi ya bi ta tsakiyar gari yana kwasar gidaje da gadoji da motoci da mutane, daga Mokola har Molete. Yarbawa suka ce masa Omiyale, wato ruwa ya shigo gida, kuma har yau in tsohon Badun zai ƙidaya shekarunsa da wannan kalmar yake farawa. Bola Ige ne gwamna a lokacin.

Ruwa ba ya tsami banza. Ogunpa ya sha yin gargaɗi, a 1960 da 1963 da 1978. An sare itatuwan da suke kan duwatsun gari, ruwan da dā ƙasa take shanyewa ya koma yana gangarowa gaba ɗaya daga kan kwano. An yi gini har cikin hanyar kogin. Shara kuwa, kowa ya san inda ake kai ta in hadari ya haɗo: a zuba a kwata, ruwa ya tafi da ita, ta je ta toshe ƙarƙashin gada. Mu ma a Sabo ba mu da bakin zargin kowa a kan wannan. Lambun Agodi yana kan hanyar ruwan daidai, shi ya fara karɓar dukan. Kejina suka karye, yawancin dabbobin ruwa ya tafi da su.

Abin da ya biyo baya a Sabo tsoro ne mai haɗe da daɗi. Labari ya bazu cewa kada ya shigo kwatar bayan masallaci. Wani ya ce mesa ce, kuma ta haɗiye akuyar mai waina. Ba wanda ya gani da idonsa, kowa daga bakin wanda ya gani ya ji. Iyaye mata suka hana mu fita bayan magariba, mu kuwa muna zagayawa da sanduna muna leƙa ramuka. Ni birin nan nake nema. Na sa a raina cewa mai wayon ɓoye sisi a kumatu ba zai tsaya ruwa ya ci shi ba, ya hau bishiya, yana nan wani wuri a kan dutsen Mokola.

Babbar Sallah ta zo a watan Oktoba. Muka yi layya, muka ci suya, muka tara sulallanmu, muka kama hanya don ƙafa ta saba. Laka muka tarar ta bushe ta tsattsage, da itatuwa a kwance saiwoyinsu a sama. Yaya ta kwance bakin zanenta ta mayar wa kowa kuɗinsa.

Daga nan sai jami'a, wadda take da nisa, sai an hau mota ta Sango, kuma sai da babba. A can Haruna yake, shi ya sa labarin wuraren biyu ya cakuɗe a kan tsararrakinmu.

Shekara tara bayan ambaliyar, sojoji suka ba garin wani abin wasan. An fara maganarsa zamanin Kanar Adetunji Olurin, aka buɗe shi a 1989 lokacin Kanar Sasaenia Oresanya, a wajen Bodija kusa da tsohon filin jirgin sama. Sunansa Trans Wonderland, amma kowa Trans yake cewa. Wannan ba lambun itatuwa ba ne, ƙarfe ne da wutar lantarki. Akwai ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke da yake ɗaga mutum sama har ya hango jan kwanon Badun ya miƙe ba iyaka. Akwai dawakai masu zagaye, da jirgin ƙasa mai hawa ya sulalo har hanjin mutum ya taso masa wuya, da ƙananan motoci da ake tuƙawa musamman don a yi karo. A lokacin na zama saurayi, ni ne ma'ajin, ni ake damƙa wa ƙanne. Na ga wani dattijo ɗan unguwarmu da babbar riga ya shiga motar karon don ya raka jikarsa, wani yaron Bayarabe ya kwaɗa masa ta baya, hularsa ta tashi, ya juyo da niyyar faɗa sai dariya ta ƙwace masa. Ya sake sayen tikiti sau biyu.

Trans ma ya mutu, amma ba ruwa ne ya ci shi ba, kuma in kana son sanin abin da ya ci shi, 'yan canjin Sabo za su ba ka amsa kafin injiniya. Duk injinan nan daga waje aka kawo su, duk ƙusar da ta lalace da dala ake sayo ta. Shekarar da aka buɗe wurin, dala ba ta kai naira 10 ba a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Kuɗin shiga kuwa daga aljihun yara yake fitowa, in ka ɗaga shi ka kore su. Ga wuta da ba ta tsayawa, ga man janareta. Sai injin ɗaya ya tsaya a ce ana jiran kaya, a ɗaure shi da igiya, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsa. Shekara ta zagayo na biyu ya bi shi. A ƙarshe filin ya koma wajen biki da taron mawaƙa da shan iska na manya, ƙarafunan suna tsaye a bayansu sun yi tsatsa. A 2023 aka wayi gari ana share wurin don a yanka filayen gidaje. Mutanen gari sun yi ta surutu, aikin bai tsaya ba.

Agodi shi ya tashi daga kwanciya. Gwamnatin Abiola Ajimobi ta fara gyaransa a 2012, aka sake buɗe shi a 2014, da wurin ninkaya, da sulun ruwa, da ƙananan jirage a tafki, da ciyawa a gyare. Gaskiya ya yi kyau, wanda ya ce bai yi ba son zuciya ne. An ma dawo da dabbobi, har da zakuna, sai dai a 2017 zaki ya hallaka mai ba shi abinci, aka rufe sashen aka kwashe su. A ƙarshen 2023 kuma hayaniya ta sake tashi, da aka ga ana sare dajin Ogunpa da ke bayan lambun don gina rukunin gidaje. Gwamnatin Seyi Makinde ta ce lambun kansa ba a taɓa shi ba, dajin kuma ya zama maɓoyar ɓata-gari. Masu zanga-zanga suka ce itatuwan nan su ne suke riƙe ruwan dutsen. Ni dai wanda ya ga 1980 da idonsa, ya kuma ga ambaliyar 26 ga Agusta 2011 da ta shiga har cikin jami'a, in ya ji ƙarar zarto a bakin Ogunpa gabansa sai ya faɗi.

Ba Badun kaɗai ba ce. A Kano ma an sha tayar da maganar ɗauke gidan zu na Audu Bako daga inda yake, kuma kowa ya san idon da ake yi wa fili irin wannan a tsakiyar birni. Can ne ma aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a 2019, daga baya aka ji gidan ba shi da goggon biri ko ɗaya. Da labarin ya iso Sabo, ƙanena ya ce shi bai ga abin dariya ba, ya san halin birai.

Na koma Agodi da Sallar bara. Abin da na fi kallo bakin ƙofa ne. Motoci ne suke sauke iyali, uba da uwa da kula da tabarma. Ango da amarya suna ɗaukar hoton kafin biki. Ban ga ayarin yara su kaɗai ba, da 'yar shekara goma sha uku a gaba tana riƙe da bakin zane. Kuɗin shiga daban, na ninkaya daban, na jirgin ruwa daban, in ka haɗa na yara shida ya fi ƙarfin barka da Sallah. Kuma wace uwa ce yanzu za ta saki yara su ratsa Mokola a ƙafa, ga gadar sama, ga acaba, ga labarin satar yara? Bayan rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 iyaye a unguwannin Hausawa sun ƙara ja da 'ya'yansu jiki. A Disambar 2024 kuma yara 35 suka mutu a turmutsutsin wani taron wasan yara a Bashorun, inda aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci. Yunwa ce ta tara su, na sani. Amma tun daga ranar, in ka ce wa matar Sabo za ka kai ɗanta wajen wasa, sai ta tambaye ka sau uku ina ne.

Yaran Sabo na yau suna yawon Sallarsu a manyan kantunan Dugbe da Samonda, su hau matakala mai tafiya da kanta, su sha sanyin na'ura, su ɗauki hoto da wayar yayansu. Suna jin daɗi, kuma ban isa in ce nawa ya fi nasu ba. Ƙwallo dai har yanzu a lungu ake buga ta, ƙarami ne kuma yake shiga kwata.

Gardamar bencin nan ce ta sa na ɗauki jikana muka hau mota zuwa jami'a. Bayan mutuwar Haruna ba a binne shi ba, an gyara gawarsa an ajiye don masu zuwa kallo. Tun a hanya nake cika wa yaron baki: faɗin ƙirjinsa, yadda yake dukansa da tafi har a ji a waje, yadda mata suke ja da baya in ya taso. Muka tsaya a gabansa. Ya fi yadda na san shi ƙanƙanta, gashin ya dusashe. Yaron ya daɗe yana kallo, ya dube ni, ya sake duban sa.

"Kaka, wannan ne abokin naka?"

Na ce shi ne.

"Wallahi kun yi kama. Muje ka saya min Fan Ice."